Ɗabaƙoƙin Masu Kallon Fitilun Birni

Waɗanda Allah ya hore wa yawon duniya sun ba mu labari cewa a manyan biranen sarauta na ƙasashen ƙetare akwai wata sana'a wadda ba ta kankama sai rana ta faɗi, ita ce a tara baƙi cikin doguwar mota mai hawa biyu, wadda aka yaye wa rufin sama, a haɗa su da wani mai zaƙin baki riƙe da lasifika, a yi ta kewayawa da su suna kallon gine-ginen tarihi da aka haske da fitilu, kowa kuwa ya biya kuɗinsa tun kafin ya sa ƙafa. A Faris, hasumiyar Eiffel, wadda aka gama ginawa a 1889, takan yi ƙyalƙyali na minti 5 a farkon kowace sa'a bayan duhu ya shiga, direbobi su yi ta auna tafiyarsu don su isa gabanta daidai lokacin. A Washinton akan kai mutane gaban ginin tunawa da Lincoln. A Misira kuwa abin ya kai har murya ake sa wa gunkin nan mai jikin zaki da ke gefen dalolin Giza, ya riƙa ba da tarihin kansa da kansa.

Mu ma mutanen Gaya da Ajingi muna da namu, illa dai ba tikiti, ba lasifika, ba kuma wanda yakan ƙulla niyyarsa tun daga gida. Asalinsa rakiyar maniyyata ce. Idan aka yi shatar mota aka kai alhazan bana sansaninsu a Kano, aka yi bankwana, aka yi koke-koke da neman gafara, aka danƙa saƙon addu'o'in da ko shekara mutum zai yi a gaban Ka'aba ba zai gama isar da su ba, har magariba ta kawo jiki, sai ka ji wata murya daga kujerun tsakiya ta ce, "Direba, tun da dai mun zo, ai ka ɗan zagaya da mu mu ga gari." Daga nan sai ciniki, sai karo-karon kuɗin mai, sai mota ta juya. Ni dai tun da na fahimci abin da ke gudana a kan kujerun nan na rage leƙen taga, domin gada ko gobe ka dawo tana nan inda take, amma irin wannan jama'a ba kullum take haɗuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya ba.

Shugabansu shi ne jagora, wanda ba wanda ya naɗa shi, ba kuma mai ikon tuɓe shi. Galibi saurayi ne ɗan garinmu da ya yi 'yan shekaru yana yaron shago a Kantin Kwari, har harshensa ya koyi cewa "mu nan cikin gari", ya kuma manta hanyar gonar ubansa. Da mota ta tashi sai ya miƙe, ya ba direba baya, ya kama ƙarfen da ke bisa kansa, ya fara karatu. Ilminsa na tarihi a kan ƙa'ida guda ya ginu, mai rassa uku: duk abin da aka yi da ƙasa Sarki Muhammadu Rumfa ne ya gina shi; duk abin da aka yi da siminti ya tsufa aikin Audu Bako ne; duk abin da ke da fitila kuwa na gwamnan da yake so ne. Abin da zai ba malaman tarihi haushi shi ne wannan ƙa'ida takan dace da gaskiya fiye da yadda ta cancanta, domin hakika Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarki, shi ya kafa kasuwar Kurmi, kuma Audu Bako, gwamnan farko da aka ba Jihar Kano bayan an ƙirƙiro ta a 1967, shi ya bar mana gidan zu da madatsar ruwa ta Tiga. Amma da an zo kan hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano tun 1911, sai jagora ya miƙa wa Audu Bako ita kyauta, ba tare da ko gyaran murya ba. Yana da wasu illoli guda biyu da ba su shafi isnadi ba. Ta farko, ba ya tuna sunan wuri sai an wuce shi, saboda haka rabin ziyarar da ƙeya ake yinta. Ta biyu, da yake fuskantar jama'a yake yi, damarsa ita ce hagunsu, shi kuwa bai taɓa lura ba. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku dubi dama, ga marinar Ƙofar Mata," mota duka ta juya ta ƙura wa wani shagon mai faci ido, ana ta jinjina kai ana cewa lalle mutanen da sun yi aiki.

A bayansa kaɗan, kusa da taga, akwai mai yi masa hashiya, wato tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda ya san duk shekarun da jagora bai sani ba, amma Allah bai ba shi murya ba. Shi ne zai ce, a hankali, cikin ladabi, "Ɗan nan, ba haka ba ne," sa'an nan ya fara warware mas'alar tun daga tushe: cewa badala Sarki Gijimasu ne ya soma ta tun ƙarni na 12, waɗansu sarakuna suka yi ta faɗaɗa ta, cewa babban masallacin nan mai koren tulluwa, ginin da ake gani yanzu, na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, a 1951 aka buɗe shi, cewa Turawa sun ci garin ne a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu ba ya nan, ya tafi Sakkwato. Duk maganarsa sahihiya ce, sai dai kafin ya kai ƙarshen jimla ɗaya mota ta wuce shataletale biyu, ba kuma mai sauraronsa sai wani yaro ɗan shekara bakwai da ya taɓa zama ɗalibin ɗalibinsa, shi ma don alewar da ke aljihun malamin ne.

Sai dattijon Gaya, wanda ba kallo ya kawo shi ba. Sanannen abu ne a bakin masu tarihi cewa maƙeran da ake kira Abagayawa daga Gaya suka taso, suka zo gindin Dala neman tama, kuma ana cewa sunan babbansu Kano, shi garin ya ci sunansa. To wannan dattijo, ko da bai taɓa riƙe masaba ba, ko da kakansa fatauci ya kawo shi Gaya daga wata ƙasa, ya ɗauki wannan ruwaya ya mai da ita takardar mallaka, yana zaune a kujerarsa ya dogara da sanda yana duban birnin kamar uban da ya zo ganin gidan da ɗansa ya gina, yana jin daɗi a zuci amma ya rantse ba zai nuna ba. Aka hau doguwar gadar Sabon Gari, fitilu sun jeru har iyakar gani, samari suna ta salati, shi kuwa sai ya ce, "Ba laifi. Yaron ya yi ƙoƙari." Aka zo ƙofar gidan sarki, jagora yana ta zuba, sai ya katse shi ya ce, "Kai yaro, duk wutar nan da kake nuna mana, daga maƙerarmu aka ɗebo garwashinta." Wuri ɗaya ne kaɗai na ga ya fita daga wannan natsuwa, shi ne inda aka nuna masa wani tudun duhu can bayan rufin gidaje aka ce ga Dala nan. Ya sa aka tsaya, ya leƙa, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya tambaya ko wane ne ya yanke hukuncin a ƙawata gadar da ba ta kai jikansa shekaru ba, a bar dutsen da aka fara hura wuta a kansa yana laluben kansa cikin duhu. A nan ina bayansa, ko da yake ban faɗa masa ba, don kada ya ƙara kumbura.

Maganinsa mutumin Ajingi ne, wanda ya gaji da jin labarin haihuwar Kano tun yana yaro, ya kuma tanadi amsa. Yakan bari sai dattijon ya kai ƙololuwa, sa'an nan ya ce, "To Baba, tun da ku kuka haife shi, ai sai ku yi masa magana ya aiko mana da ko fitila goma, mu kafa a tasha. Ɗa na gari ba ya barin iyaye a duhu, balle maƙwabtan iyaye." Dattijo sai ya shiga gyaran rawani, ya ce lamarin yana hannun manya.

Alhajin da ya riga ya sauke farali ba ya rasa zuwa rakiya, domin shi ne mai ba maniyyata shawarar inda ake canjin riyal, kuma shi ne ya fi kowa wahalar da mota a kan hanyar dawowa. Ba abin da za a nuna masa bai ga babbansa ba. In an ce ga gada, ya ce ai ba ku ga ta Jamrat ba; in an ce ga dogon bene, ya yi murmushin tausayi ya ce hasumiyar agogon Makka ta kai mita 600, kana Mina kana duba lokaci; in an ce ga haske, ya ce a Harami sai ka tsinci allura da tsakar dare. Ya hau motocin ziyara a Madina, an kai shi Ƙuba da Uhudu da masallacin Ƙiblataini, don haka yana ganin shi kaɗai ya san ladubban zama a irin wannan mota, yana ta ce wa direba "yalla, yalla", wanda shi ne kusan duk abin da ya dawo da shi na Larabci. Yana da ƙarami a wannan ɗariƙa, wani da ya taɓa kwana biyu a Abuja wajen neman aiki, mai son ya ce wani abu game da Masallacin Ƙasa da tulluwarsa mai ruwan zinariya da hasumiyoyinsa huɗu. Amma duk lokacin da ya buɗe baki sai Alhaji ya rufe shi da Makka, shi kuwa ba shi da ta cewa, don ba Musulmin da zai yi jayayya da wannan hujja.

Malam mai fatawa sha'aninsa ya fi tsawo. Tun da aka fara maganar zagaye ya ɗaure fuska, ya ce yawon dare ba tare da wata bukata ta shari'a ba lagawu ne, in ma bai kai makaruhi ba, kuɗin man da za a ƙona kuwa israfi ne bayyananne. Jama'a suka yi shiru, har sai da yaron mota, wanda ya fi kowa sanin halin mutane, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai kujerar gaba ba kowa, ko za a dawo nan a miƙe ƙafa?" Malam ya koma gaba, ya gyara zama, iska ta buge shi, ba a kai Ƙofar Mata ba sai ga shi ya waiwayo ya ce ya sake nazarin mas'alar, ya ga asalin abubuwa halasci ne, bal ma idan an yi niyyar tafakkuri da ɗaukar izina daga ayyukan mutanen farko, ana fatan lada. A gaban gidan sarki har shi ya karɓi karatun daga jagora, ya ba da labarin Shehu Magili da ya sauka Kano a zamanin Rumfa ya rubuta masa risala a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, ya kuma ce da masu mulkin yanzu za su karanta ta, da ba a bar ramukan hanyar garinmu haka ba. Inda aka kai ruwa rana shi ne batun ƙasaru. Wani ya tambaya ko isha'in nan raka'a biyu za a yi, tun da matafiya ne. Malam ya ce a mazhabar Imamu Malik sai tafiya ta kai burudi huɗu, wato mil 48, wajen kilomita 80 ke nan a lissafin malaman zamani, alhali daga Gaya zuwa Kano ba ta kai 70 ba, saboda haka kowa ya cika sallarsa. Nan take mutumin Ajingi ya ce shi fa sai da ya biyo ta Gaya, nisansa ya fi nasu, wani kuma ya ce gidansa can ƙauye yake bayan Ajingi, wani ya nemi a haɗa da tsawon zagayen da ake yi yanzu, har da hawa da saukar gada. Malam ya yi ta ƙidaya da yatsu, daga bisani ya yanke cewa wanda ya cika ya fita daga saɓani. Aka tsaya aka yi raka'a huɗu, bayan an ɓata lokacin da ya isa a yi goma sha biyu.

'Yan siyasa biyu ne, kullum kuma Allah yakan haɗa su a kujera ɗaya. A gadar Ƙofar Nassarawa, wadda aka yi a zamanin Kwankwaso, ɗaya zai gyara hularsa ya ce a duba aiki. A ta Dangi da ta Hotoro, na zamanin Ganduje, ɗayan zai ce a ƙirga hawa. Idan fitilar wata gada ta mutu, mai gadar ya ce zagon ƙasa ne, abokinsa ya ce ai dama aikin ba inganci. Ba wanda ya ga gada ko ɗaya a cikinsu, kowa fuskar ɗan'uwansa yake kallo, kuma goro ɗaya suke rabawa.

Mai lissafi manomi ne, ko ɗan kasuwar hatsi, wanda bai yarda da kowane ma'auni ba sai buhu. Ba ya magana da ƙarfi, leɓɓansa kawai za ka ga suna motsi yana ƙirga turakun fitilu tun daga Gidan Murtala har Gidan Gwamnati, ya ninka da abin da yake zaton kowace tana sha a dare, ya juya shi zuwa buhunan gero, ya juya geron zuwa buhunan taki, ya raba wa mazaɓarsu, sa'an nan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wannan titi kaɗai ya cinye damina guda." Lissafin nasa ba shi da tushe ko kaɗan, tun da bai san farashin ko ɗaya daga abubuwan da ya ninka ba, amma ban taɓa jin wanda ya iya rushe shi ba.

Mai waya ba ya bukatar dogon sharhi. Ya manna ta a gilashi, ya kunna filasha, ya ɗauki hotuna ba adadi, in an duba a ga fuskarsa ce a kowanne da wani farin tabo a goshi. A gefensa akwai wanda aka ba labarin masu ƙwacen waya tun kafin ya baro gida, ya cusa tasa cikin safa, ya rufe taga, ya dafe aljihu, yana zargin duk mai Adaidaita Sahu da ya matso kusa. Shi birnin Kano bai gan shi ba, ya dai tsira daga gare shi.

Can kujerar baya Gwaggo ce da ƙunshinta. Ita ba ruwanta da Rumfa, tana da ɗiyar ƙanwa da aka kawo aure birni, ga kuka da daddawa ta ƙullo mata, kwatancen gidan kuwa shi ne yana kusa da wani masallaci, akwai mai shayi a bakin layin. Duk masallacin da aka wuce sai ta buga jikin mota ta ce, "Ɗan nan, tsaya, kamar nan ne," direba ya ce, "Gwaggo, wace unguwa aka ce miki?" ta ce ai shi ne direba, shi ya kamata ya sani. A garin da kowane layi yake da masallaci da mai shayi, wannan bincike ba ya ƙarewa, kukar ma Gaya take komawa. Amma ita ce ta faɗi maganar da ta fi tsaya mini a rai, da aka zo wajen da fitilu suka fi yawa, ta duba ta duba ta ce, "Oh ni 'yasu, su mutanen nan yaushe suke barci? Kaji ma ai sai su rikice." Kusa da ita akwai wanda tun a sansanin alhazai yake tambaya ko za a bi ta wajen masu gurasa, wanda taswirar Kano a kansa ba ƙofofi ba ce, wuraren tsire da balangu ne, kuma shi kaɗai ne a motar da in ya ce a tsaya ba a yin gardama.

Direba yana jin duk wannan bai ce uffan ba, don ya san hukuncin ƙarshe a ƙafarsa yake. Idan ya ga allurar mai ta sunkuya, sai ya ɗauki hanyar Maiduguri ba tare da shawara da kowa ba, jagora yana cewa saura Gidan Ɗan Hausa, shi kuwa ya ce an rufe, alhali ba wanda ya ce za a shiga. A wuce Hotoro, a wuce Mariri inda ake cinikin goro, fitilu su yi ta raguwa har su ƙare, yaron mota ya bi kujeru yana karɓar cikon kuɗin mai, a nan ne za ka ga waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a birni sun fi kowa nauyin barci.

Amma mai barci na hakika daban yake, shi na ajiye a ƙarshe domin shi ne mai ribar tafiyar. Tun kafin a bar ƙofar sansani ya jingina kai da kujera, ya ja hula ya rufe ido; bai san an hau gada ba, bai san an yi gardamar ƙasaru ba, sallar ma da ƙyar aka tashe shi ya yi ta ido rabi a rufe. Ba ya farkawa sosai sai mota ta hau gadar Wudil, ya leƙa ya ga ruwa, ya ce, "Af, har an iso?" Washegari kuwa, bayan la'asar, je ka majalisar da ke gindin darbejiya ka tarar da shi a tsakiya, jama'a sun kewaye shi, yana ba da labarin daren jiya filla-filla, da gadar da ta yi hawa bakwai, da fitilar da ke canja launi in ta ga baƙo, da yadda dogarai suka ɗaga masa hannu a ƙofar gidan sarki. Ya tsinci abin da ya tsinta daga bakin jagora cikin magagi, ya cike giɓin da abin da ya gani a mafarki, kuma da yake shi kaɗai ne ya kwana da ƙarfinsa, muryarsa ta fi ta kowa. Waɗanda suka kwana ido biyu suna gefe suna hamma, in ɗayansu ya ce, "Anya hawa bakwai?" sai a ce masa ya yi shiru, mai labari yana magana. Tsohon malamin firamare, wanda shi kaɗai zai iya raba sahihi da ƙagagge, ya riga ya koma Kano tun da asuba wajen tantance 'yan fansho. Kafin ya dawo ruwayar ta yaɗu har Ajingi, inda aka ƙara wa gadar hawa biyu.